Tsofaffin kwalaben Chardonnay a zafin Akra: waɗanne za a buɗe yanzu, waɗanne za su iya jira?

Mai kula da ɗakin abinci, Labone

Ina gaishe da manyanmu a wannan sana'a ta otal da gidajen abinci, tare da sauran 'yan'uwa. Ina aiki a wani ƙaramin otal a Labone, nan Akra, kuma ba da daɗewa ba aka damƙa mini ɗakin cin abinci da siton abin sha, bayan wanda ya daɗe yana riƙe da su ya ajiye aiki ya koma garinsu. Cikin kayan da na tarar akwai farar giyar inabi ta Chardonnay kashi uku, kuma mai otal ɗin yana so in kawo masa shawara a kansu kafin watan Disamba, lokacin da baƙi suke cika gari kuma ake samun masu neman giya mai tsada.

Kashi na farko katan biyu ne na Chardonnay ɗin Afirka ta Kudu mai sauƙin kuɗi, ta shekarar 2021, mai murfin ƙarfe wanda ake murɗewa. Kashi na biyu kwalba tara ce ta Chablis mai darajar Premier Cru, ta 2017. Kashi na uku, wanda ya fi tsaya mini a rai saboda tsadarsa, kwalba biyar ce ta Meursault ta 2014, da wata babba guda ɗaya mai cin lita ɗaya da rabi, daga gidan yin giya ɗaya kuma shekara ɗaya. Chablis da Meursault duk daga yankin Burgundy na Faransa suke, kuma da toshiyar ɓawon itace aka rufe bakinsu.

Na bi diddigin yadda aka ajiye kowane kashi. Na Afirka ta Kudu suna cikin kwalinsu a sito, inda na'urar sanyaya ɗaki take aiki da rana, a kashe ta da dare saboda kuɗin wuta. Chablis ɗin ma a wannan siton ta fara zama na wajen shekara biyu, kafin otal ɗin ya sayi firij na musamman na ajiyar giya a mayar da ita ciki. Meursault ɗin kuwa maigida ne ya zo da ita da kansa daga Faransa ta jirgin sama, kuma tun zuwanta tana kwance a firij ɗin giya da ke gidansa a kan digiri 13, in ban da lokutan da aka ɗauke wuta.

Ra'ayin maigida shi ne giya tana ƙara kyau da tsufa, saboda haka yana so a rufe su duka a ƙara musu shekara biyar don kuɗinsu ya tashi. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta da hakan ba, domin waɗanda suke rubuta cewa giya kaza tana kai shekara goma sha biyar a ƙasashen sanyi suke zaune. Ina roƙon waɗanda suka san aikin su fahimtar da ni yadda ake gane Chardonnay ta nuna, da yadda ake bambance wadda ta nuna da wadda ta mutu, da kuma abin da ya kamata in gaya wa maigida game da kowane kashi.

Tsohon shugaban masu hidimar tebur, Nhyiaeso, Kumasi

Ɗana, rashin kwanciyar zuciyarka yana kan hanya. Maganar cewa kowace giyar inabi tana ƙara kyau da tsufa ta jawo wa masu otal asara mai yawa a ƙasar nan, domin mafi yawan farar giyar da ake yi a duniya an yi ta ne don a sha cikin shekara biyu ko uku da rufe kwalbarta. 'Yan kaɗan ne suke da ƙarfin jure shekaru, kuma ko su sai an ba su wurin zama da ya dace.

Abin da ke riƙe jar giya shi ne baurin da take samu daga ɓawon inabi da ƙwayoyinsa. Fara kuwa ana matse ruwanta a raba shi da ɓawo tun da wuri, saboda haka ba ta da wannan bauri, kuma abin da take dogara da shi shi ne tsami da kaurin ɗanɗanon 'ya'yan da aka yi ta da su. Idan tsamin ya yi ƙaranci, ko kuma gonar ta ba da 'ya'ya masu yawa marasa kauri, babu abin da shekaru za su gina a kai, sai dai ƙamshin lemo da abarba da aka saye ta dominsa ya gushe ya bar ruwa lami. Inabin Chardonnay kuma yana ɗaukar halin wurin da aka shuka shi fiye da yawancin inabai, shi ya sa suna ɗaya a jikin kwalba ba ya nufin abu ɗaya a ciki.

Chablis tana can arewacin Burgundy, wuri mai sanyi, a kan ƙasa mai farin dutse wadda ake samun ɓawon ƙananan halittun teku na zamanin da a cikinta. Sanyin wurin ne yake sa giyar ta fito da tsami mai kaifi, kuma masu yi da yawa a can suna amfani da tankin ƙarfe ko tsofaffin ganguna don kada ƙamshin itace ya rufe ta. Darajojinta huɗu ne: Petit Chablis, Chablis, Premier Cru, sai Grand Cru mai gonaki bakwai a kan tudu ɗaya, waɗanda Les Clos ta fi suna a cikinsu. Premier Cru mai kyau takan kai ganiyarta tsakanin shekara biyar zuwa goma idan an ajiye ta yadda ya kamata. Meursault kuwa tana kudu da garin Beaune, kuma a al'adance ana barin ruwan ya tashi a cikin gangar itacen oak mai cin lita 228, a bar shi a kan mataccen yisti da ya kwanta a gindin gangar, sannan a bar shi ya sake wani tashin na biyu wanda yake mayar da kaifin tsami irin na tuffa zuwa tsami mai laushi irin na nono. Daga nan ne ƙamshin man shanu da ake yawan faɗa yake fitowa. Shekarar 2014 kuma tana cikin shekarun da masu sanin farar Burgundy suke yabo sosai saboda tsaminta ya tsaya daidai, don haka maigidanka ya yi zaɓi mai kyau.

To, amma duk waɗannan shekarun da ake lissafawa, ana lissafa su ne da ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa mai sanyin digiri 12 ko 13, wanda ba ya canzawa rani da damina. Akra kuwa matsakaicin zafinta yana wajen digiri 27, kuma daga Fabrairu zuwa Afrilu rana tana haura 30. Masana sinadarai suna da wani ƙiyasi na gaba ɗaya cewa duk ƙarin digiri goma yana ninka saurin da abubuwa suke sauyawa a cikin ruwa irin wannan. Idan ka bi wannan ƙiyasin, shekara biyun da Chablis ɗinka ta yi a sito za su iya zama mata kamar huɗu ko biyar. Abin da ya fi zafin kansa illa shi ne kunna na'ura da rana a kashe da dare, domin ruwan yana kumbura idan ya ɗumama, ya tsuke idan ya huce, sai toshiyar ta riƙa aiki kamar zugazugin maƙeri, tana tura iska waje tana jawo sabuwa ciki kowace rana. Iskar nan ita ce take kashe farar giya. A shekarun dumso, wato na yawan ɗauke wuta a Gana, musamman 2015, na ga kwalabe masu tsada sun lalace ta wannan hanya a wuraren da suke da firij mai kyau amma babu janaretan da zai riƙe shi.

Shawarata ita ce na Afirka ta Kudu a fara sayar da su kofi-kofi tun daga wannan makon idan suna da rai. Chablis a sayar da ita cikin Disamban nan kada ta ga wani Maris. Meursault ma, tunda ta haura shekara goma kuma ta sha ɗauke wuta, ni da zan sayar da biyar ɗin a bana in bar babbar kwalbar kaɗai.

Mai riƙe da sito, Tema

Ɗan'uwa, ni ba na sha, saboda haka ba zan ce komai a kan ɗanɗano ba. Amma aikina karɓar kaya ne daga tashar jiragen ruwa da duba su kafin su shiga sito, kuma akwai abubuwa da yawa da kwalba take faɗa tun ba a buɗe ta ba.

Ka fito da kwalaben Chablis ɗin guda tara, ka jera su a tsaye a kan tebur, ka sa farar takarda a bayansu, ka haska su da tocila daga baya. Gilashin kwalbar Burgundy yana da launi, don haka duban guda ɗaya ba zai nuna maka komai ba, amma idan suna jere ido zai kama wadda ta fi 'yan'uwanta duhu nan take. Farar giya tana ƙara duhu ne da tsufa, daga fari-fari mai ɗan kore zuwa ruwan zinariya, daga nan zuwa ruwan zuma, a ƙarshe ruwan shayi. Tunda rana ɗaya aka cika su, wadda ta riga sauran yin duhu iska ta shige ta.

Sannan ka auna tazarar da ke tsakanin gindin toshiya da saman ruwa. A sabuwar kwalba ba ta wuce santimita ɗaya zuwa biyu ba, kuma idan na ga ta kai uku a kwalbar da ba ta cika shekara goma ba, nakan ware ta gefe. Ka shafa yatsa a saman hular da aka naɗe bakin kwalbar da ita. Toshiya ya kamata ta yi daidai da bakin gilashi ko ta ɗan nutse, idan kuwa ka ji ta turo hular sama, zafi ne ya taɓa kumbura ruwan har ya ture ta. Haka ma idan akwai danƙo a wuyan kwalbar ko wani busasshen layi da ya gangaro ya ɓata takardar jikinta. Abubuwa biyu kuma kada su tsorata ka: ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli kamar gishiri a gindin kwalba ko a jikin toshiya, waɗanda sanyi ne yake fitar da su daga tsamin inabin kuma ba su da wata illa, da kuma ɗan fumfuna a saman toshiya daga waje, wanda laima ce kawai take kawo shi, a goge da tsumma.

Akwai kuma abin da ba za ka iya gani a otal ba, wato abin da ya sami kayan kafin su iso gare ka. Kwantenar ƙarfe da ta yi makonni a filin tasha tana jiran takardu, cikinta yana zafi fiye da waje nesa ba kusa ba, kuma katan ɗin da ke kusa da rufi da bango su suka fi shan wuya. Akwai kwantena mai na'urar sanyi, amma kuɗin dakonta ya fi yawa, don haka ba kowa ne yake amfani da ita wajen giya mai sauƙin kuɗi ba. Nan gaba idan za ka sayi wadda za a ajiye, ka tambayi mai shigo da ita da wace irin kwantena ta zo da kuma inda ta zauna bayan an sauke ta. Meursault ɗin maigidanka ta tsira daga wannan tunda ta sama ta zo.

Mai horar da ma'aikatan giya, East Legon

Ina neman izinin Baba na Kumasi in ɗan saɓa masa a wuri biyu, kodayake na yarda da tushen maganarsa cewa shekarar da ke jikin kwalba ba ita ce ainihin shekarunta ba a garin nan.

Na farko, kada a yanke wa na Afirka ta Kudu hukunci tun ba a ji su ba. Murfin ƙarfe ba ya numfashi yadda toshiyar itace take yi, kuma ba ya bukatar a kwantar da kwalba, masu yin giya a Ostareliya da New Zealand ma sun koma gare shi da yawansu daga wajen 2000 da 2001. Zafi zai gajiyar da giyar, wannan gaskiya ne, amma shigar iska da Baba ya bayyana ba ta kai ta toshiya ba, kuma duk kwalaben za su kasance a hali ɗaya, saboda haka buɗe guda ɗaya ya isa ya gaya maka labarin katan biyun. Ka tuna kuma cewa a Afirka ta Kudu ana girbe inabi ne a Fabrairu da Maris, don haka giyarsu ta 2021 ta girmi ta Faransa ta 2021 da wajen wata shida. Ba kuma ƙasar ce take hana ta daɗewa ba, yadda aka yi ta ne. A can na yi karatun wannan aiki, kuma na ɗanɗana Chardonnay daga kwarin Hemel-en-Aarde da Elgin da kuma farar ƙasar Robertson, inda gidan De Wetshof yake, waɗanda suka kai shekara goma suna da ƙarfinsu. Tun a 1976 ma, a gasar da Steven Spurrier, wani ɗan Ingila mai sayar da giya, ya shirya a Paris, alƙalai Faransawa da ba su ga kwalaben ba suka fifita Chardonnay ɗin Chateau Montelena ta 1973 daga Kalifoniya a kan manyan giyoyin Burgundy.

Na biyu, Meursault ɗin ba a yi mata hukunci da lissafi. Tun daga giyoyin tsakiyar shekarun 1990, farar Burgundy ta yi fama da wata matsala inda iska take lalata kwalba tun lokacinta bai yi ba, har a ɗakunan ajiya mafi kyau a Turai. Abin da ya sa ta ruɗa mutane shi ne a katan ɗaya sai a sami kwalba ta mutu, ta kusa da ita kuma lafiya lau. An ɗora laifin a kan ingancin toshiya, da rage sinadarin salfa da ke kare giya, da yawan motsa yistin cikin ganga, da sabbin injunan matsa, kuma har yanzu ba a haɗu a kan dalili ɗaya ba, sai dai gidaje da yawa sun canza irin toshiyar da suke amfani da ita. Ma'anar wannan a wurinka ita ce kwalba biyar ɗin za su iya zama halaye biyar. Idan suna lafiya kuwa, Meursault ta 2014 da ta zauna a digiri 13 tana iya ƙara shekaru, domin firij cike da kwalabe wanda ba a buɗe ƙofarsa ba ba ya ɗumama cikin 'yan awoyi.

Ƙanena, babu makawa sai ka buɗe guda ɗaya daga kowane kashi, kuma ka gaya wa maigida cewa kuɗin wannan kwalbar shi ne kuɗin sanin abin da ya mallaka. Ka yi shi da hantsi, kafin ka ci wani abu mai shito ko barkono, a ɗakin da babu turare ko ƙamshin girki. Kada ka sanyaya ta da yawa, domin firij ɗin kicin da ke wajen digiri 4 yana rufe ƙamshi kuma yana ɓoye aibi. Digiri 11 zuwa 13 ya dace. Ka zuba kaɗan a kofin gilashi mai faɗin ciki, ka karkata shi a kan farin mayafin tebur ka dubi launi, sannan ka shaƙa kafin ka juya kofin, ka sake shaƙa bayan ka juya.

Chardonnay mai ƙuruciya tana ba da lemun tsami da ɗanyen tuffa, ta ƙasar zafi kuma abarba da mangwaro. Wadda ta nuna, 'ya'yan itacen suna ja da baya amma ba sa ɓacewa, sai zuma da soyayyar gyaɗa da gasasshen burodi su shigo, kuma a baki tsamin yana nan a tsaye, ɗanɗanon yana daɗewa bayan an haɗiye ko an tofar. Wadda iska ta kashe tana warin tuffan da aka yanka aka bari ya yi ja, a baki kuma ta yi lami, ƙarshenta gajere ne mai ɗan ɗaci. Gyaɗa tana cikin duka biyun, shi ya sa masu koyo suke ruɗewa, kuma abin da ke raba su shi ne ko akwai sauran ɗanyen ɗan itace a bayan gyaɗar. Idan ka ji warin ashana da aka ƙyasta, ka ba ta minti ashirin, yawanci yana tafiya kuma alama ce cewa iska ba ta taɓa giyar ba. Idan kuwa warin jiƙaƙƙen kwali ne, wannan daga wani sinadari ne da ake kira TCA a cikin toshiyar, ba ya tafiya, kuma ba shi da alaƙa da tsufa ko ajiya.

Gwajin da na fi amincewa da shi wajen sanin ko giya za ta iya jira shi ne na kwana ɗaya. Ka bar rabin kwalbar, ka mayar da toshiya, ka sa a firij, ka sake ɗanɗanawa washegari. Wadda ta wayi gari da ƙarfinta ko ma ta ƙara buɗewa tana da sauran shekaru, wadda kuma ta faɗi cikin awa ɗaya a kofi ba ta da abin da za ta jira da shi.

Mai kula da ɗakin abinci, Labone

Na gode ƙwarai, Baba, Malam, da Yaya. Na bi abin da kuka faɗa ɗaya bayan ɗaya, ga kuma abin da na samu.

Da na jera Chablis ɗin na haska su, biyu daga cikin tara sun fito da duhu a fili, kuma ɗaya daga cikin biyun toshiyarta ta turo hula sama har ana jin tudun da yatsa. Na buɗe wannan tare da ɗaya daga cikin masu haske. Toshiyar mai duhun ta jiƙe tun daga gindi har kusa da sama, ta yi laushi, kuma ruwan a kofi ya yi kalar shayi marar kauri, da warin jan tuffa daidai yadda Yaya ta kwatanta. Mai hasken kuwa ruwan zinariya ce, da zuma kaɗan a hanci da ɓawon lemo, tsaminta yana nan, amma da na koma mata bayan awa ɗaya lemon ya ragu sosai, washegari kuma babu abin da ya rage sai tsami. Ta Afirka ta Kudu ba ta da aibi, sai dai abarbar ta dushe, kuma da sanyi ana iya shanta ba tare da ƙorafi ba.

Meursault ɗin a gaban maigida muka buɗe. Da farko warin ashana ne ya rufe komai har ya ɓata rai, na roƙe shi mu jira. Bayan kamar rabin awa sai gyaɗa da man shanu da lemo suka fito tare, launinta kuma bai kai na Chablis mai hasken duhu ba duk da ta girme ta da shekara uku. Washegari ta fi ma daɗi. Yanzu maigida ya yarda a sayar da Chablis da na Afirka ta Kudu, amma abin da ya ji ya ƙara masa son riƙe Meursault huɗun da babbar kwalbar. Ina so in ji ko wannan daidai ne, da kuma yadda zan sayar da Chablis shida masu haske da suka rage ba tare da na kunyata a gaban baƙo ba.

Tsohon shugaban masu hidimar tebur, Nhyiaeso, Kumasi

Abin da kofi ya nuna ya fi lissafina, kuma a kan Meursault maganar 'yata ta East Legon ce ta tabbata. Giyar da ta wayi gari ta fi daɗi tana iya jira. Duk da haka ba zan goyi bayan shekara biyar ba, domin ta riga ta shiga lokacin da ake biyan kuɗinta dominsa, kuma kowace shekara da aka ƙara a nan ana jinginar da ita ne ga wuta da janareta. Ku haska huɗun kamar yadda mutumin Tema ya koya maka, ku sayar da biyun da suka fi duhu a bana, ku riƙe biyu ku sake buɗe ɗaya baɗi war haka. Babbar kwalbar ita ce za ta fi kowacce daɗewa, saboda iskar da ke wuyanta kusan ɗaya ce da ta ƙaramar kwalba mai mililita 750 alhali ruwanta ninki biyu ne, kuma ta fi jinkirin ɗumama idan wuta ta tafi. Ka sa ma'aunin zafi mai riƙe mafi sama da mafi ƙasa a cikin firij ɗin, ka riƙa dubawa duk mako kana rubutawa, ka haɗa firij ɗin da layin janareta, kuma idan hunturu ya shigo iska ta bushe ka ajiye ɗan kwanon ruwa a ciki don toshiya kada ta tsuke.

Game da Chablis, mai duhun da ta rage kada ta hau tebur, ka ba masu girki su yi miyar kifi da ita, domin wadda iska ta taɓa tana girkuwa, wadda ke warin kwali ce kaɗai ba ta da amfani ko a tukunya. Sauran shida kada ka sayar da su kofi-kofi, tunda ka ga ba ta kwana. Ka ba da kwalba ga tebur mai mutum uku ko huɗu waɗanda za su gama ta cikin awa ɗaya, tare da gasasshen kifi ko jatan lande marar yaji sosai, kuma ka buɗe ta a lokacin da abincin ya iso. Ka gaya wa baƙon tun kafin ka buɗe cewa giya ce da ta nuna, zai ji zuma fiye da lemo, domin wanda ya saba da sabuwar Chablis zai iya zaton ta lalace. Ka shaƙa toshiyar, ka ɗanɗana ɗan kaɗan a gefe da izininsa kafin ka zuba masa, kuma ka tanadi kwalba ta biyu a sanyi kusa da kai. Idan ta farko ta fito da aibi, ka ɗauke ta da kanka ba tare da ya nema ba, kuma kada ta shiga takardar kuɗinsa.